Gurbi Arba'in da Uku

Wani ne aka ɗauke shi aikin gwaji na wata shida a ɗakin ajiye takardu na wani kamfani. Kun san irin ɗakin nan. Taga ɗaya, fanka mai kuka, takardu tun daga ƙasa har rufi. In wata shida ta cika aka ba shi takardar tabbatarwa, ya zama cikakken ma'aikaci. In ba a ba shi ba, ya kama gabansa. Shi kuwa bawan Allah ya sha zaman gida shekara biyu cur, har maƙwabta sun saba bar masa makullansu in za su fita. Saboda haka takardar nan ita ce ransa.

A ɗakin akwai wani dattijo, kowa Baba yake ce masa, shekararsa talatin a wurin. Baba ba ya taɓa kwamfuta. Ka ce masa, "Baba, kwangilar rufin kwano ta shekarar da bene ya yi yoyo," sai ya rufe ido ɗaya, ya zura hannu cikin tsibin takardu har kafaɗa, ya zaro maka ita da ƙurarta.

Ana nan sai aka aiko da gayyatar wata bita ta kwana uku. Kowa ya zille, aka tura ɗan gwaji. Masu rubuta manhajar kwamfuta ne suka koyar. Suka ce kowace takarda a yi mata kati mai ɗauke da bayaninta, kuma katin kowa ya zama iri ɗaya. Suka ce tsarin katin nan a riƙe shi yadda su suke riƙe manhaja. A ba shi lamba, fitowa ta ɗaya, fitowa ta biyu. Kada a canza komai sai an shigar da koke a rubuce. A gwada a ƙaramin wuri kafin a ƙaddamar. Ba a jefar da tsohon abu, sai dai a rubuta cewa an daina amfani da shi. In kuma abu ya dagule, a koma fitowar baya. Magana ce mai kyau, wallahi, ni ban ga aibinta ba. Kan da ta shiga ne dai Allah ya kyauta.

Mutumin naku ya dawo yana tafiya da ƙirji. Bai ko zauna ba ya wuce ofishin manaja.

Ya ce, "Yallaɓai, ashe a cikin duhu muke."

Manaja ya ɗaga kai ya dubi fitila. Ya ce, "Ga wuta kuwa."

"Duhun bayanai, Yallaɓai. Yau in Baba ya yi mura, kamfanin nan ya tsaya. Ka ba ni mako uku, zan yi mana tsari. Duk takardar da kake so, ka danna, ta bayyana."

Manaja ya ce, "To, madalla. Mako uku daidai mai bincike za ta zo duba takardunmu. Kuma ran nan ne ofishin ma'aikata ke rufe jerin waɗanda aka tabbatar, ƙarfe huɗu. Ka ga rana ɗaya, aiki biyu. Ka yi abin kirki."

Ya fito yana murna. Sai ya tuna an ce a gwada a ƙaramin wuri. Ya duba duk duniya bai ga ƙaramin wurin da ya kai gidansa ba.

Ran Asabar matarsa ta dawo daga kasuwa ta tarar da gida ya yi fari fat da katuna. Kati a jikin tukunya, kati a jikin kujera, kati a wuyan buta. Hatta tsintsiya an ɗaura mata nata da zare.

Ta ce, "Baban yara, lafiya? Gwanjon gidan za ka yi?"

Ya ce, "Fitowa ta ɗaya ce. Gwaji nake."

Ta ɗaga katin tukunya ta karanta. "Suna: tukunya. Launi: baƙi. Wanda ya yi: ba a sani ba. Yanayi: tsohuwa." Ta ce, "Shekara tara nake girki da ita, sai yau aka sanar da ni tukunya ce. Na gode. Cire min shi, zai kama wuta."

Ya ce, "Ba na cirewa da baki. Ki shigar da koke."

"In shigar da me?"

Ya miƙo mata wani littafi da biro ɗaure a jiki. "Ki rubuta matsalar, a ba ta lamba, a duba, in ta cancanta a gyara a fitowa ta gaba."

Ta kalle shi tun daga sama har ƙasa. Ta karɓi biron ta rubuta, "Koke na ɗaya: mijina ya samu taɓin kai." Shi kuma ya karɓa da gaske, ya karanta, ya rubuta a ƙasa, "An duba, ba a ga matsalar ba, an rufe."

Kai jama'a! Ni da nake ba ku labari, da ni ce matar da tuni buta ta tashi sama.

Washegari surukarsa ta zo, wato mahaifiyar matar. Tsohuwa ce mai ido, ba abin da ke wuce ta. Aka shimfiɗa mata, aka kawo shayi. Tana kurɓa tana bin bango da kallo, sai ta hango tsohon hotonta da aka sauke aka jingine bayan talabijin, don an rataya sabo. Ga kati manne a goshinsa.

Ta ce, "Ke, miƙo min tabarau."

Mutumin naku ya ce, "Mama, ba sai kin karanta ba, harkar aiki ce."

Ta sa tabarau ta karanta da ƙarfi, a hankali, kalma kalma. "Suna: suruka. Shekarar da aka yi: ba a sani ba, amma da daɗewa. Yanayi: an daina amfani da ita, amma ba a jefar ba."



Ya ce, "Mama, hoton ake nufi."

Ta ce, "Hoton ne suruka?"

"Ai gurbin suna kalma ɗaya yake ɗauka, Mama. Gurbin yanayi kuma zaɓi uku ne kawai: sabo, tsoho, sai wanda aka daina amfani da shi. Tsari ne ya zaɓa, ba ni ba."

"Wa ya yi tsarin?"



Ta ajiye kofi ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Na gode da ba a jefar ba."

Kwana huɗu matarsa ba ta yi masa magana ba. Abinci ma sai ta ajiye ta buga murfi. Amma kun san me ya rubuta a littafinsa? "Gwaji ya yi nasara. Kowane kati an iya karanta shi, har da mai tabarau."

Ran Litinin ya dira a ofis da zafinsa. Ya sa aka sayo akwatunan kwali ɗari uku, duk girma ɗaya, launi ɗaya, don tsari ba ya son bambanci. Ya zauna ya tsara kati. Fitowa ta ɗaya gurbi shida: suna, kwanan wata, wanda ya rubuta, wanda aka rubuta wa, yawan shafi, yanayi. Da ya tsaya nan da an zauna lafiya. Ina! Ran Talata ya ga wata takarda mai hatimi biyu, ya ƙara gurbin hatimi, fitowa ta biyu. Ran Laraba ya ga mai tabon shayi, ya ƙara gurbin tabo. Sai ya ga ai tabo iri-iri ne, ya raba shi uku: na shayi, na mai, na wanda ba a so a sani. Kafin mako biyu ana fitowa ta goma sha ɗaya, gurbi arba'in da uku. Akwai gurbin launin tawada. Akwai na yawan ƙusar maƙala takarda. Akwai na ko kusurwa ta lanƙwashe, da ta wane ɓangare.

Kuma duk fitowa sai ya buga sanarwa ya manna a ƙofar ɗaki, ya bi ofis-ofis yana karanta wa mutane abin da ya canza. Akawu ya fara kulle ƙofa in ya ji takunsa. Sakatariya kuwa da ta hango shi sai ta ɗauki waya ta kara a kunne, ko ba a kira ba.

Baba dai yana gefe a kan kujerarsa, yana kallo ana kwashe tsibinsa na shekara talatin ana zubawa a kwali.

Rannan ya ce, "Ɗana, zo mana."

"Na'am, Baba."

"Katin nan naka na duba shi. Yana da kyau. Amma ban ga inda ake rubuta wane akwati aka sa takarda ba."

Mutumin naku ya yi murmushin masu ilimi. Ya ce, "Baba, wannan tunanin dā ne. Mu bayanin takarda muke yi. Inda take kuma ai wani fanni ne."

"To in an zo nema fa?"

"Ka shigar da koke."

Baba bai yi musu ba. Ya karɓi littafi ya rubuta da kyakkyawan rubutunsa. Aka ba shi lamba ta ɗari biyu da sha biyu. Mutumin naku ya duba, ya ga akwai koken launin tawada guda tara a gabansa, duk shi ya shigar da su da kansa. Ya rubuta a kan na Baba, "Ba na gaggawa ba ne." Baba ya karanta ya gyaɗa kai, ya koma kujerarsa.

Ana jibi mai bincike za ta zo, ya yi babban gwaji. Ya sa kwamfuta ta bi katuna dubu tara ɗaya bayan ɗaya, ta duba ko akwai gurbin da aka bari fayau. In akwai ta nuna ja, in babu ta nuna kore. Kwamfuta ta yi ɗan nishi ta nuna kore. Wayyo daɗi! Ya fita baranda yana kiran mutane su zo su ga kore. Ya ɗauki hoton allon ya aika wa matarsa. Ta amsa masa da cewa gas ya ƙare.

Daga nan ya ƙaddamar. Ya kira leburori uku suka jera akwatunan a kan kanta. Suka tambaye shi wanne ne farko. Ya ce duk ɗaya ne, su dai jera su miƙe. Suka jera, ya ga layi ya ɗan karkace, ya sa suka sauke suka sake. Sau uku ana haka. Wallahi ɗakin ya yi kyau, ka ce kantin sayar da takalma.

Rana ta zo. Mutumin naku ya sha guga, ya sa turare. Ƙarfe biyu mai bincike ta iso. Mace ce 'yar gajeruwa, ba ta dariya, da jaka baƙa da biro ja. Manaja na biye da ita yana ta washe baki.

Ta dubi akwatuna ta ce, "Ba laifi." Manaja ya kumbura.

Ta ce, "Abu ɗaya nake so. Takardar shaidar kariya daga gobara ta ginin nan. Ta asali, ba kwafi ba. In babu ita, yau zan sa a rufe ginin."

Manaja ya ce, "Ƙaramin abu. Kai, danna mata."

Ya gyara wuyan riga ya danna. Nan take kati ya bayyana. Ya fara karantawa da murya irin ta mai labarai.

"Takardar shaidar kariya daga gobara. Shafi biyu. Fara ce, ta ɗan yi ruwan ƙasa. Hatimi biyu, ɗaya ya karkace. Tawada shuɗiya. Ƙusa ɗaya, ta yi tsatsa. Tabon shayi a kusurwar hagu ta ƙasa..."

Ta ce, "Madalla. Kawo ta."

"Ban gama ba, Hajiya, saura gurbi talatin da shida."

"Ka riƙe su. Kawo takardar."

Ya dubi allo. Ya gangara ƙasa. Ya hau sama. Ya sake gangarawa. Ya juya ya dubi akwati ɗari uku, su ma suka dube shi.

Manaja ya matso ya rage murya. "Tana ina?"

"Tana nan, Yallaɓai."

"Nan ina?"

"Cikin ɗakin nan. Wannan kam ko shakka babu, gwaji ya nuna kore."

"A wane akwati, don Allah?"

Ya ce, "Wannan gurbin bai shigo ba tukuna, Yallaɓai. Sai a fitowa ta gaba."

Mai bincike ta cire murfin jan bironta. Ƙarar murfin nan kaɗai ta sa gumi ya keto wa manaja har ta cikin kwat.

Manaja ya ce, "Kana nufin ka san ƙusarta ta yi tsatsa, amma ba ka san inda take ba?"

"Ai an shigar da koken, Yallaɓai. Yana layi."

"Ni zan sa ka a layi! Ka nemo ta yanzu!"

Nan fa kan mutumin naku ya ɗau zafi. Sai ya tuna darasin ƙarshe na bita: in abu ya dagule, a koma fitowar baya. To mece ce fitowar baya a ɗakin nan? Tsibi a ƙasa. Kafin kowa ya ankara ya fizgo akwati ya juye. Ya fizgo na biyu ya juye. Na uku, na huɗu, na goma. Takardu suka tashi, fanka ta kama su ta raba wa kowa. Ɗaya ta manne a fuskar manaja. Mai bincike ta ja baya tana kare jakarta.

Manaja yana ihu, "Me kake yi haka?"

Shi kuma yana haki, "Komawa baya nake, Yallaɓai! Baba, taso, ga tsibinka na dawo maka da shi, zura hannu!"

Baba ya taso a hankali. Ya zagaya tsibin sau ɗaya, hannu a baya. Ya ɗan taɓa shi da ƙafa.

Ya ce, "Wannan ba nawa ba ne. Nawa na san shi, shi ma ya san ni. Wannan shara ce."

Akwati arba'in ya juye kafin akawu da mai gadi su riƙe shi. Mai bincike ta buɗe littafinta ta ɗora biro.

Sai Baba ya yi gyaran murya. Ya sa hannu a aljihun rigarsa na ciki, ya zaro wata takarda a ninke cikin leda. Shafi biyu, hatimi biyu, ɗaya ya karkace.

Ya ce, "Hajiya, ko wannan ce?"

Ta karɓa ta duba gaba da baya, ta ɗaga ta a haske. Ta mayar da murfin bironta.

Mutumin naku ya zaro ido. "Baba! Ka fitar da takarda daga tsari ba tare da izini ba?"

Baba ya ce, "Tun ran da ka ce kokena ba na gaggawa ba ne take aljihuna. Da ita nake zuwa, da ita nake komawa."

Mai bincike ta sa hannu, ta dubi ɗakin sau ɗaya, ta ce wa manaja, "Takardarku ta kariya daga gobara tana da kyau. Ɗakin ne dai yanzu ashana ɗaya yake jira." Ta tsallake tsibi ta fita.

Kowa ya watse. Mutumin naku ya tsaya cikin takardu har gwiwa. Ya dubi agogon bango, uku saura kwata. Ƙarfe huɗu ake rufe jerin waɗanda aka tabbatar, kuma sai mutum ya kai takardarsa da hannunsa. Ya tuna zaman gida. Ya tuna makullan maƙwabta. Ya karkaɗe riga ya lallaɓa ofishin manaja, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hannu.

"Yallaɓai."

Manaja yana shan ruwa, bai ɗago ba.

"Yallaɓai, na san na yi kuskure. Amma ina da iyali. Maganar takardar tabbatarwar nan..."

Manaja ya ajiye kofi. Abin mamaki sai ya yi murmushi, har da nuna masa kujera.

Ya ce, "Haba, ai ni ba na hana mutum abincinsa. Ganin yadda kake ta kai da kawo, tun makon jiya na sa mata hannu. Na sa a ambulan na rufe, na ce sakatariya ta kawo maka."

Mutumin naku ya kusa faɗowa daga kujera. "Allah ya saka da alheri, Yallaɓai! Allah ya ƙara girma! Amma ba ta kawo min ba."

"Ta kawo. Ta ce ta miƙa maka kana tsakiyar fitowa ta tara, ko kallonta ba ka yi ba."

Manaja ya juyo da allon kwamfutarsa. Ga kati nan, cikakke, gurbi arba'in da uku ba wanda aka bari. Ambulan ɗaya, ruwan ƙasa, a rufe. Hatimi ɗaya, a miƙe. Babu tabo. Yanayi: sabo. Wanda ya shigar da bayani: shi da kansa.

Ya karanta sau biyu. Ya dubi agogo. Uku da minti biyar. Ya leƙa ta ƙofa ya hango akwati ɗari biyu da sittin a kan kanta, da tsibi a ƙasa, da fanka tana ta aikinta.

Ya ce, "Yallaɓai, don girman Allah, a akwati take ko a ƙasa?"

Manaja ya ɗauki kofinsa ya kurɓa, ya ce, "Wannan gurbin sai a fitowa ta gaba."